Yellowstone: Dajin Da Ƙanƙara Ke Korar Doki

A can arewa maso yammacin Amurka, inda jihohin Wyoming da Montana da Idaho suka haɗa iyaka, akwai wani makeken gandun daji da ake kira Yellowstone. Faɗinsa ya haura eka miliyan 2, watau idan mai karatu ya taɓa zuwa Yankari, to, sai ya ƙiyasta irinta guda huɗu an shimfiɗa su wuri ɗaya. Ranar 1 ga watan Maris, 1872, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe wurin, ta hana a sayar da shi ko a kafa gari a cikinsa, kuma shi ake lissafawa gandu na farko irinsa a duniya. Yawancin ƙasar tana bisa tudu ne mai tsawon ƙafa 8,000 daga doron teku, saboda haka shekarar can ba ta rabu daidai ba. Bazara 'yar gajeruwa ce, wata uku ko huɗu, sauran kuwa sanyi ne ke mulki.

Wannan rabo shi ya mayar da dajin tamkar ƙasashe biyu a cikin iyaka ɗaya. Akwai ƙasar doki, wadda takan buɗe sosai a watan Yuli, ta rufe da zarar ƙanƙara ta fara kwanciya a kan duwatsu. Akwai kuma ƙasar ƙanƙara, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris, sa'ad da doki ba shi da abin yi a can, mota ma sai a hanya ɗaya tak. Na sami damar shiga dukkansu biyu, ta farko a watan Agusta, ta biyu a watan Fabrairu, kuma in ba don sunayen da ke rubuce a allunan hanya ba, da sai in ce ba wuri ɗaya na je ba.

Jama'a kam ba a magana. A shekarar 2021 kaɗai baƙi fiye da miliyan 4 da dubu 800 suka shiga. Amma kusan dukkansu a mota suke zuwa, su bi kwalta, su tsaya inda kowa ke tsayawa, su ɗauki hoto, su wuce. Kwaltar nan kuwa, da masaukai da wuraren ajiye motoci, ɗan yanki ne ƙanƙane na gandun. Sauran duk daji ne, wanda hanyoyin ƙafa masu tsawon fiye da mil 900 suka ratsa, ba abin da ke bin su sai sawun mutum da kofaton dabba.

Tarihin wurin nan ba ya rabuwa da doki. Tun kafin Bature ya leƙo, 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa, sun yi shekaru dubbai suna farauta a cikinsa, kuma a yau hukumar gandun ta yarda cewa ƙabilu 27 suna da alaƙa da shi. Shekara biyar bayan an keɓe shi, watau 1877, ƙabilar Nez Perce ta ratsa ta tsakiyarsa a guje, mutum wajen 800, har da mata da yara da tsofaffi, suna kore da dawaki kusan 2,000, sojan gwamnati na biye da su domin sun ƙi yarda a tsare su a wani ɗan keɓaɓɓen yanki. Sun yi tafiyar fiye da mil 1,100 suna neman tsallakawa Kanada, aka cim musu a wurin da ake kira Bear Paw, saura mil 40 su kai iyaka. A watan Oktoba shugabansu Joseph ya miƙa wuya, dawakinsu kuma aka ƙwace. Har yau akwai wani rafi a gandun mai ɗauke da sunan ƙabilar. Wajen wannan lokaci ne kuma aka kwashe 'yan ƙabilar Tukudika, su da suke zaune a cikin duwatsun wurin. Saboda haka in aka ce maka wannan daji ne da ɗan Adam bai taɓa zama a ciki ba, ka sani fitar da shi aka yi.

Shekaru 14 na farko gandun ya zama kamar gonar da ba mai ita. Mafarauta suna karkashe namun daji, baƙi suna farfasa duwatsun maɓuɓɓugai su tafi da su tsaraba. A 1886 majalisa ta ƙi ba da kuɗin albashin masu kula da shi, sai aka kira soja. Kyaftin Moses Harris ya iso da barade 50 na rundunar dawaki, da nufin zaman ɗan lokaci, ashe zaman shekara 32 ne, don sai a 1918 soja suka tattara komatsansu suka bar wurin ga hukumar gandayen daji ta ƙasa da aka kafa a 1916. Barikinsu na dutse yana nan a Mammoth, shi ne hedikwatar gandun a yau.

Baƙi a wancan zamani jirgin ƙasa ke kawo su kusa da iyaka, daga nan su shiga keken doki mai dawaki huɗu ko shida, su yi kwanaki suna zagaye cikin ƙura. Shugaba Chester Arthur ya ratsa dajin a kan doki a 1883, Shugaba Theodore Roosevelt kuma ya yi mako biyu a ciki a watan Afrilu na 1903, ya aza harsashin babbar ƙofar dutse da ke garin Gardiner. Ranar 1 ga Agusta, 1915, aka bar mota ta shiga. Zama ya gagara tsakaninta da doki a hanya ɗaya, gama dawakin suna firgita da ƙararta, kuma zuwa 1917 an sallami kekunan doki baki ɗaya. Doki ya bar wa mota hanya, ya koma daji inda har yanzu ba ta iya bin sa.

HAWA BA ADO

Hawan doki a can iri biyu ne. Na farko shi ne na baƙo mai sauri, na awa ɗaya ko biyu, wanda na yi daga bargar da ke kusa da masaukin Roosevelt a arewacin gandun. Ana duba mutum tukuna: yaro sai ya kai shekara 8, babba kuma kada nauyinsa ya wuce laba 240, watau wajen kilo 109. Wanda ya saba da hawan salla zai yi mamaki. Ba za ka ga ingarma yana haniniya yana tuma ba. Yawancin dawakin dandaƙaƙƙu ne, masu faɗin ƙirji da kaurin ƙafa, an buga musu takalmin ƙarfe saboda duwatsu. Ba jalala, ba kwalliya. Sirdin na fata ne mai nauyi, da ɗan ƙaho a gaba wanda makiyayan shanun can ke naɗa igiya a jiki, da likkafa mai faɗi don kada ƙafa ta gaji. Ba sukuwa, ba sassarfa, ba zamiya. Layi ɗaya ake yi, hancin wannan a wutsiyar wancan, jagora a gaba, mataimakinsa a baya.

Mai son burga zai ce wannan ba hawa ba ne, jerin gwano ne. Amma wanda ya ga yadda dokin nan ke sauka gangare mai tsakuwa, yana auna kowane taku, mahayi ya sassauta masa linzami ya jingina baya, zai san akwai gwanintar da ba a nuna ta a filin sukuwa. Wanda aka ba ni akawal ne, mai sanyin hali. Muka bi ta cikin wani fili mai cike da ɗan tsiro toka-toka, wanda in kofato ya murje shi sai ƙamshi ya tashi kamar na tazargade, kuma lalle dangin juna ne. Can muna hawa wani tudu sai na ga dokin ya miƙe kunnuwa ya rage tafiya, ni ban ga kome ba. Sai da muka ɗan ƙara gaba sa'an nan muka hango wani tsohon ɓauna kwance a ƙura, shi kaɗai, daidai kan hanya. Jagora bai yi ihu ba, bai kore shi ba, ya dai karkata ayarin muka yi masa zagaye mai nisa. Doka ta ce kada mutum ya kusanci ɓauna fiye da yadi 25, beyar da kyarkeci kuwa yadi 100. Namijin ɓaunar Amurka yakan kai kilo 900, kuma duk nauyin nan yana iya gudun mil 30 a awa.

Iri na biyu shi ne hawan gaske, wanda akan yi kwana biyar, ko mako, ko fiye, da ayarin alfadarai ɗauke da tanti da abinci a mangala. Masu wannan sana'a 'yan kasuwa ne da hukuma ta ba lasisi, wasu mutane kuma da dawakinsu suke zuwa. Babbar hanya a wurinsu ita ce ta Thorofare, a kusurwar kudu maso gabas. Daga bakin kwalta zuwa ɗakin ma'aikatan gandun da ke can tafiyar wajen mil 32 ce, a bi gefen tafkin Yellowstone sa'an nan a bi kogi, watau kwana biyu a kan doki. A duk jihohi 48 na Amurka da ke haɗe da juna babu inda ya kai wannan yanki nisa da hanyar mota. Wanda ya karye a can sai dai jirgi mai saukar ungulu, shi ma in gari ya yi kyau. Kudu kaɗan da iyakar gandun akwai wani rafi da ya rabu biyu a bisa tudu, reshe ɗaya ya nufi Tekun Atlantika, ɗayan ya nufi Tekun Pasifik. Doki kan sha daga wannan, ya juya ya sha daga wancan.

Dokokin shiga da dabba suna da yawa, kuma kowace da dalilinta. Dole a nuna takardar likitan dabbobi cewa an gwada jinin doki cikin wata 12 da suka wuce, ba ya ɗauke da wata cutar jini da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, wadda ba ta da magani. Ba a kwana da dawaki a daji kafin 1 ga Yuli, domin kafin nan ƙasa tana jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara, ayari ɗaya ya isa ya mayar da hanya kwatami, ciyawar fadama kuma ba ta yi ƙwarin jure kiwo ba. Ba a shiga da ingirici cikin dajin, sai abincin da aka tabbatar babu ƙwayar baƙuwar ciyawa a ciki, gudun kada ta tsiro daga kashin doki ta kori ta gida. Ba a ɗaure doki a gindin itace ya kwana, don zai gwagwiyi ɓawon ya tone saiwar. Doguwar igiya ake ja tsakanin itatuwa biyu, ko a sa masa dabaibayi. In za a tashi a baza kashin, a bar wurin yadda aka same shi. Abinci kuwa, har da sabulu da man goge baki, a rataye shi ake yi sama da ƙafa 10 daga ƙasa, nesa da tanti, saboda beyar. Kuma mai hankali ba ya rabuwa da gwangwanin feshin barkono a ƙugunsa.

Duk da haka masu tafiyar ƙasa suna ƙorafi. Sun ce kofato yana zaizaye hanya, kashi yana ɓata ruwa, kuma wanda alfadari ya ɗauko masa katifa da nama bai san daji ba. A maganar zaizaya suna da gaskiya, don doki da mahayinsa sun ninka mai tafiyar ƙasa nauyi sau da yawa. Amma ni a ganina korar doki ba ita ce mafita ba. A 1988 gobara ta ci eka 793,880, kashi 36 cikin ɗari na gandun, kuma an yi shekaru ƙonannun itatuwa suna faɗowa suna tare hanyoyi. Zarto da gatari da katakon gada da ake gyara hanyoyin nan masu nisa da su, a bayan dawaki da alfadarai ake kai su. Mai tafiyar ƙasa da ke tsine wa alfadari, a kan hanyar da alfadari ya buɗe yake tafiya. Ga kuma dattijo da yaro da mai ciwon gwiwa, waɗanda in ba doki ba, iyakarsu bakin kwalta.

DA ƘANƘARA TA SAUKA

A farkon Nuwamba ake rufe hanyoyin cikin gandun. Kafin nan an kwashe dawaki zuwa makiyaya a ƙasashen kwari. Dusar ƙanƙara da ke zuba a shekara takan kai inci 150, watau ƙafa 12 da rabi, a bisa manyan duwatsu kuwa ninkin haka. Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 5 zuwa 20 ƙasa da sifiri, da dare abin ya fi haka. Ranar 9 ga Fabrairu, 1933, an auna digiri 54 ƙasa da sifiri kusa da ƙofar yamma. Irin wannan sanyi ba ya kama da hunturun da muka sani. Ka shaƙi iska ka ji gashin hancinka ya daskare. Ka ciro waya don ɗaukar hoto batirinta ya mutu a hannunka. Ruwan gora ya zama dutse kafin azahar. Tufafin auduga ba su da amfani, gama in gumi ya jiƙa su sai su zuƙe ɗumin jiki. Ulu ake sawa, hawa uku ko huɗu.

Hanya ɗaya ce ake share wa motoci duk shekara, wadda ta tashi daga Gardiner ta ratsa kwarin Lamar zuwa wani ɗan ƙauye, Cooke City. A watan Yuni na 2022 ambaliya ta cinye sashenta na farko, aka rasa yadda za a yi, sai aka koma aka faɗaɗa tsohuwar hanyar kekunan doki da ke bisa tudu aka zuba mata kwalta, aka buɗe ta a ƙarshen Oktoba. Sauran hanyoyin ba a share su, danne ƙanƙarar ake yi ta zama daɓe, kuma daga tsakiyar Disamba abubuwa biyu ke bi ta kai: motar ƙanƙara, wadda bas ce mai ƙafafu kamar na tarakta, da babur ɗin ƙanƙara, wanda ke da katakon sulɓi biyu a gaba da bel a baya.

A motar ƙanƙara na shiga zuwa Old Faithful. Ƙarƙashin wannan ƙasa akwai dutse mai aman wuta, shi ke dafa ruwan da ke fitowa ta wurare fiye da 10,000, daga cikinsu fiye da 500 masu tsartuwa sama ne, wajen rabin irinsu na duniya ke nan. Old Faithful, wadda aka raɗa wa sunan a 1870 saboda cika alkawarinta, takan tashi kusan kowace awa ɗaya da rabi, ta harba tafasasshen ruwa ƙafa 130 ko fiye. A watan Agusta dubban mutane ne ke kewaye da ita, kafaɗa da kafaɗa. A watan Fabrairu, da sassafe, ba mu kai ashirin ba. Ruwan ya tashi, sanyi ya tare shi, tururin ya yi sama kamar gini, abin da ya dawo ƙasa kuma rabinsa ƙanƙara ne. Itatuwan da ke kusa tururi ya daskare a jikinsu har sun zama farare fat, kai ka ce jama'a ce tsaye cikin farin mayafi. Ɓauna suna kwance a kan ƙasa mai ɗumi, gemunsu ya yi fari. Wurin yana da kyau, yana kuma kisa: ɓawon ƙasar siriri ne, tafasasshen ruwa na ƙarƙashinsa, kuma mutum fiye da 20 sun mutu da ƙuna a tarihin gandun. Ba a sauka daga kan dakalin katako da aka shimfiɗa.

Mai son barin hanya sai ya ɗaura ɗayan abu biyu a ƙafa. Akwai katakon sulɓi, dogo siriri, wanda ake turawa da sanduna biyu. Akwai kuma wani abu mai faɗi kamar faifai, wanda ke hana ƙafa nutsewa. Faifan na ɗaura, don shi ba ya bukatar koyo. Tafiyar rabin awa daga masauki sai ka shiga wani irin shiru da ban taɓa ji ba, ba tsuntsu, ba ƙwaro, ba ganye mai motsi, sai ƙarar numfashinka da kukan hankaka can nesa.

Katakon nan na sulɓi ba don wasa ya fara shiga dajin ba. Da hunturu sojan dawaki kan bar dawakinsu a barga su ɗaura shi su fita sintiri, suna kwana a 'yan ɗakunan katako. A watan Maris na 1894 wani ɗan leƙen asirin soja, Felix Burgess, ya bi sawu har kwarin Pelican, ya tarar da wani mafarauci, Ed Howell, yana feɗe ɓauna biyar da ya harbe, domin a lokacin kan ɓauna guda kuɗi ne mai tsoka a wurin masu ƙawata bango. Howell yana da babbar bindiga da kare, Burgess kuwa ƙaramar bindiga ce kawai a hannunsa, ga buɗaɗɗen fili a tsakaninsu. Iska ta taimake shi, karen bai ji ƙanshinsa ba, ya sulalo har ya iso kansa. To, an kama ɓarawo, amma babu dokar da za a hukunta shi da ita, iyaka a ƙwace kayansa a kore shi. Aka yi dace akwai wani ɗan jarida, Emerson Hough, a cikin gandun. Ya aika da labarin ga jaridarsa, aka ɗauki hotunan kawunan, ƙasa ta ɗauki zafi, kuma ranar 7 ga Mayu, ƙasa da wata biyu, aka sa hannu a dokar da ɗan majalisa John Lacey ya kawo, wadda ta mayar da farauta a gandun laifi. Ko da hakan, zuwa 1902 ɓaunar da ta rage a dajin ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba, daga dabbar da a dā ake lissafa ta miliyan 30 ko fiye a nahiyar.

RIGIMAR BABUR

Shirun nan da na ambata, sai da aka yi shari'a a kansa. Baburan ƙanƙara sun fara shiga a 1963, aka fara daɓe musu hanya a 1971, kuma zuwa shekarun 1990 akwai ranar da fiye da dubu kan shiga. Injinsu na lokacin irin mai haɗa fetur da baƙin mai ne, ga ƙara ga hayaƙi, har ta kai ana hura wa ma'aikatan ƙofar yamma iska mai tsabta a cikin rumfunansu. A shekarar 2000 gwamnatin Clinton ta yanke shawarar hana su, gwamnatin Bush ta zo ta warware. Wani alƙali a Washington ya ba masu neman hani gaskiya a 2003, wani a Wyoming ya ba masu babur gaskiya a 2004. Mutanen garin West Yellowstone, waɗanda hayar babur da otal ne abincinsu da hunturu, suka rasa na kamawa, yau a ce buɗe gobe a ce rufe.

Sai a 2013 aka tsayar da doka: ayari 110 a rana, na babura kada su wuce 50, kowane ayari da mai jagorantarsa, a kan hanya kaɗai, da injin da aka amince ba shi da ƙara da hayaƙi da yawa, kuma ba tafiyar dare. Babu wanda ya sami duk abin da yake so. Ni dai na tsaya a gefen hanya ayari ya wuce ni, minti biyu shirun ya dawo, kuma na ga hakan ya yi. Mai son tsere yana da dazuzzukan da ke kewaye da gandun, inda aka bar masa ɗaruruwan mil.

A kwarin Lamar kuwa wata jama'a ce daban, masu fitowa tun da asuba su kafa tabaran hangen nesa a bakin hanya suna rawar ɗari, suna jiran kyarkeci. An ƙarar da shi a gandun a 1926, da hannun gwamnati. A watan Janairu na 1995 aka dawo da 14 daga Kanada, aka ƙara 17 a 1996, kuma alfadarai ne suka ja akwatunan na farko a kan ƙanƙara zuwa kejinsu. A 'yan shekarun nan sukan kai ɗari ko kusa da haka. Hunturu kakarsu ce, domin tafin kyarkeci mai faɗi ne, yana gudu bisa ƙanƙarar da ke haɗiye ƙafar elik, wani naman daji mai girman gwanki da ƙaho kamar reshen itace.

Ɓauna ita ce ta fi ba ni tausayi, kuma a kanta ne babbar rigimar take. Da hunturu takan kafa kai cikin ƙanƙara tana kaɗa shi hagu da dama har ta kai ga busasshiyar ciyawa, aikin da tozon nan nata ke yi ke nan. Duk motsin banza yana cin kitsen da za ta kai bazara da shi, shi ya sa baƙon da ya matsa mata don hoto har ta tashi a guje ya cuce ta fiye da yadda ya sani. In shekara ta yi tsanani, ƙanƙara ta yi ɓawo, sai garke ya gangaro neman ciyawa zuwa kwarin Gardiner, ɓauna kuwa ba ta san iyaka ba. Bayan iyakar jihar Montana ce, ƙasar masu kiwon shanu. Yawancin matan ɓaunar sun taɓa haɗuwa da ciwon ɓari, wanda makiyayanmu ke kira bakkale. An fara ganin sa a jikinsu a 1917, kuma daga shanun gida suka ɗauka. Masu shanu suna tsoron ya dawo musu, a hana su sayar da dabbobinsu a wasu jihohi. A hunturun 1996 zuwa 1997 an kashe fiye da 1,000 a bakin iyaka. A na 2022 zuwa 2023 an ɗebe fiye da 1,500, yawancinsu mafarautan ƙabilun asali ne suka harbe bisa haƙƙin da tsofaffin yarjejeniyoyi suka ba su.

Tsoron mai shanu ba na banza ba ne, duk wanda saniyarsa ta taɓa ɓari ya san haka. Sai dai ba a taɓa tabbatar da cewa ɓaunar daji ta sa wa saniya ciwon ba, ko da yake masu shanu suna cewa tsaron iyakar ne ya hana. Inda aka bi diddigin ɓarkewarsa a garkunan yankin, elik ne ya kawo, kamar yadda rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka ya nuna a 2017. Shi kuwa elik yana shiga yana fita ba mai tare shi, domin farautarsa kasuwa ce babba. Laifin wani, karatun wani.

An fara neman wata hanya. Ana killace wasu ɓaunar a yi ta gwada jininsu har a tabbatar lafiyarsu lau, sa'an nan a miƙa su da rai ga ƙabilun asali. A watan Agusta na 2019 aka loda maza 55 zuwa Fort Peck, ƙasar ƙabilun Assiniboine da Sioux, daga can kuma ake rarraba wa wasu ƙabilun. A 2024 hukumar gandun ta fitar da tsarin barin garken tsakanin 3,500 zuwa 6,000, kuma kafin shekarar ta fita gwamnatin Montana ta kai ƙara kotu, ta ce sun yi yawa.

A tsakiyar Maris ake sallamar baburan, manyan motocin ture ƙanƙara su shiga aikin buɗe hanya, aikin da kan ɗauki makonni. Wajen ƙarshen Afrilu ɓauna ke fara haihuwa, 'yan maruƙa jajaye, garken da ya tsira ya juya ya bi ɗanyar ciyawa zuwa tudu. Tafkin Yellowstone ba ya narkewa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, rafuka su cika su batse, kuma masu alfadarai kan yi wata guda suna gyaran sirdi da buga takalmi kafin ƙasa ta bushe a buɗe musu hanyar Thorofare.